Teburin Ƙuli-ƙulin da Ya Ƙunshi Komai

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Bayan Tasha a Kontagora ya san Abdulƙudus, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Sana'arsa cajin waya a wata 'yar rumfa a bakin titi, amma in ka tambaye shi aikinsa sai ya gyara wuyan riga ya ce maka shi masanin harshe ne. Akwai wata manhaja a wayarsa da ke jefo masa kalmar Turanci guda kowace safiya, shi kuma sai ya ɗauke ta ya yi ta jibgar mutane da ita har faɗuwar rana. Yawanci kalmar kan kwana ta mutu, jama'a su huta. Guda ɗaya ce ta ƙi mutuwa, ita ce kuma ta jawo wa matan unguwar asarar da har yau ba su daina maganarta ba.

Ran da kalmar ta iso, a teburin mai shayi ya tarar da mutane.

"Jama'a, ku ajiye kofuna," in ji shi. "Yau na zo muku da babbar kalma. Sunanta comprise. Ma'anarta ƙunsa. Babban abu ya tattaro ƙananan da suka haɗu suka yi shi, dukansu kaf, ba a bar ko ɗaya a waje ba. Ndayako, wannan shayin da ke hannunka ya yi comprise ɗin ruwa da ganye da sukari da madara."

Ndayako, wani Banufe mai kiwon shanu a ƙarshen layi, ya leƙa kofinsa ya ce, "Nawa babu madara."

"To naka include kawai ya yi. Ita include kalmar malalata ce, ka ambaci abu biyu ka yi shiru, ka bar saura a duhu. Comprise kuwa sai ka kwashe duka."

Kowa ya juya wajen Malam Irmiya, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, don shi ne ya saba sace wa Abdulƙudus iska duk lokacin da ya kumbura. Malam Irmiya ya tauna burodinsa a hankali, ya haɗiye, sannan ya ce, "Gaskiya yau dai ya faɗi daidai. Babba ne ke ƙunsar ƙanana, kuma ana so a kawo su duka. Haka muka koyar a aji."

Da Malam Irmiya ya san abin da wannan shaida za ta haifar, da ya haɗiye ta tare da burodin. Mutumin da ya yi shekaru yana kuskure bai taɓa yin shiru ba, ina ga an ce masa ya yi daidai a gaban mutane? Daga ranar miya ma sai ya tsaya ya bayyana abin da ta ƙunsa kafin ya sa hannu. Aka laƙaba masa Kwamfarayis, ya kuwa amsa da murna.

Matarsa Ramotu ita ce shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli a unguwar. Wanda ke sayen ƙuli-ƙuli a bakin hanya yana taunawa bai san wahalarsa ba. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji a niƙo, sannan a zuba a turmi a yi ta juyawa da taɓarya ana ɗiga ruwan zafi har mai ya yarda ya rabu da tunkuza. Wannan juyin shi ne ya cinye kafaɗun matan Bayan Tasha. Ramotu kanta in ta tashi da safe sai ta ɗan jima kafin hannunta na dama ya yarda ya ɗagu.

Sai ga labari ya zo cewa wata ƙungiya mai tallafa wa mata manoma za ta yi baje koli a filin ƙwallo na gari. Mata za su zo daga Salka da Bangi da Zugurma, kowace ƙungiya da teburinta, kuma wadda kayanta suka fi daɗi da tsabta za ta tafi gida da injin matsar man gyaɗa, sabo fil. Matan Bayan Tasha suka daina barcin kirki don ɗoki. Ƙuli-ƙulinsu ba shi da na biyu a yankin, wannan ko abokan hamayya sun sani.

Matsala ɗaya ce. Shugabar alƙalan, wata Madam Helen da za ta zo daga Abuja, ba ta jin Hausa. Salome, sakatariyar ƙungiyar, ita ce mai Turancinsu, ga shi 'yarta ta haihu a Minna ta tafi wankan jego. Ramotu ta garzaya wajen Malam Irmiya, ya ce ta makara, matan Salka sun riga ta, kuma garin surukansa ne, ba ya iya ce musu a'a. Ta dawo gida ta zauna ta daɗe tana kallon mijinta yana cin tuwo.

"Baban Lubna," ta ce a ƙarshe, "abu uku kawai za ka faɗa. Wannan ƙuli-ƙuli ne. Wannan mai ne. Mu muka yi da hannunmu. Daga nan sai ka ja baya, matar ta ɗanɗana."

Abdulƙudus ya suɗe yatsunsa ya ce, "Maman Lubna, ki je ki share inda za a ajiye injin. Me za ku ɗora a teburin?"

"Farin ƙyalle, babban tire na ƙuli-ƙuli, da kwalaben mai."

"Shi ke nan?"

"Me ya rage?"

Ya girgiza kai cikin tausayi. "Wannan ai include ne."

Ramotu ba ta san me yake nufi ba, amma abin bai kwanta mata ba.

Washegari ya rufe rumfar caji ya shiga aiki. Tunaninsa shi ne, tebur mai daraja dole ya nuna duk abin da ya haɗu ya zama ƙuli-ƙuli. Ya samo ɗanyar gyaɗa da ɓawonta. Ya samo gishiri da citta da tiren barkono. Ya ce a tanadi turmi da taɓarya, da duwatsun murhu da kasko da itace. Ya je har gona ya tugo harawa da saiwarta, ya ciko daro da ƙasar wurin, don a cewarsa gyaɗa ba daga sama take faɗowa ba. Har nan Ramotu ta danne zuciyarta, ta ce ai kaya ne marasa ƙafa, duk inda aka ajiye su nan za su zauna.

Abin da ba ta sani ba shi ne, maigidan nata ya riga ya shelanta a teburin mai shayi cewa ba za a bar ko ɗaya a waje ba. A Bayan Tasha kuwa ana iya yafe maka zagi, amma ba a yafe maka ka yi taro ka tsallake ƙofar mutum.

Salihatu, maƙwabciyarsu mai kiwon awaki, ita ta fara tare shi a lungu.

"Kwamfarayis, na ji an ce har ƙasa za ka kai. To wa ya ba ƙasar ƙarfi? Duk takin da ke gonar matarka daga garken akuyata ya fito. Ko talaka ce ba za a gayyace ta ba?"

Abdulƙudus ya tsaya ya yi tunani irin na masana, ya ce, "Hujjarki ta yi. A wanke ta."

Kafin ya kai bakin titi sai ga Ndayako. "An gayyaci akuya, an bar Minista? Wa ya yi huɗar gonar?"

Minista wani jibgegen sa ne da ya gama zamaninsa a garma, yanzu yana ɗaure a turke ana yi masa kiwon ƙiba. An sa masa sunan ne don ba a taɓa ganin ya ƙoshi ba. Abdulƙudus kansa yana tsoron dabbar, amma ya riga ya faɗi magana a gaban mutane.

"Minista yana ciki," ya ce.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mai ruwa ya ce ba a matsar mai sai da ruwa, shi da kurarsa da jarkokinsa suna ciki. Mai itace ya ce wutar fa? Mai injin niƙa ya ce injinsa ba ya ɗaukuwa, amma zai zo da bel ɗinsa a wuya a madadinsa. Mai shayi ya rasa hujja, ya ce shi dai a teburinsa aka fara maganar. Kowa Abdulƙudus ya ce masa yana ciki, har wani makaho mai bara da ya ce shi ne ke yi wa matan addu'ar ciniki.

Ranar baje kolin matan suka yi sammako suka tafi da tirensu da kwalabensu. Suka shimfiɗa farin ƙyalle, suka jera ƙuli-ƙuli mai zobe da mai sanda, jajawur yana ƙamshin citta, man kuma garai-garai kana hango mutum ta cikin kwalba. Matan Salka da ke tebur na kusa suka leƙo sau ɗaya suka kawar da kai. Ramotu ta ji wani sanyi a ranta, ta ce a zuciyarta in Allah ya yarda wannan kafaɗa ta kusa hutawa.

A daidai lokacin Abdulƙudus yana can yana fama da ayarinsa. Ya ari takalmi da kwat baƙa wadda hannunta ya wuce yatsunsa, ya ɗauko a-kori-kura aka loda turmi da duwatsu da daron ƙasa da akuya. Minista ya dubi motar ya ƙi hawa. Aka ja, aka tura, aka lallashe shi, ya kafe ƙafafu huɗu. Dole aka yanke shawarar mota ta bi sa a hankali, shi ya shige gaba.

Ba su yi nisa ba akuyar Salihatu ta gano harawa. Kafin a ankara ta cinye ganyen tas, ta bar saiwa.

"Kai! Ta cinye mini hujja!" in ji Abdulƙudus.

Salihatu ta ce, "Ai tana nan a cikinta, ba a bar ta a waje ba."

A gangaren kasuwa direba ya taka birki don kada ya hau Minista, turmi ya mirgino ya faɗo titi ya kama hanyarsa shi kaɗai. Mai ruwa ya saki kurarsa ya bi turmin, kurar kuma ta bi mai ruwa. Abdulƙudus ya miƙe a bayan mota yana ba da umarni, motar ta yi tsalle a wani rami, ya zauna daram a cikin daron ƙasa. A shatale-tale kuwa Minista ya ga ciyawa a tsakiya ya ce nan ya zo. Motoci suka tsaya, oda ta kaure.

Wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya, "Malam, ƙaura kuke yi ko gudun hijira?"

"Ilimi muke kaiwa!" in ji Abdulƙudus yana kakkaɓe bayan kwat.

"To ilimin naku ya yi kashi a titi!"

Sanda suka shigo filin ƙwallo, alƙalai sun riga sun fara zagayawa daga can ɗaya gefen. Ramotu ta ɗaga kai ta ga sa, ta ga akuya, ta ga kura da jarkoki, ta ga mutum da bel a wuya, ta ga rabin unguwarsu a baya, ta dafe ƙirji.

"Baban Lubna, mene ne wannan?"

"Ƙuli-ƙuli ne, cikakke."

"Ka mayar da su!"

"In mayar da wa? Je ki gaya wa Ndayako da bakinki."

Ta dubi Ndayako, ya sha babbar riga har da hula. Ta dubi Salihatu, ta ɗaura wa akuyarta jan ƙyalle a wuya. Waɗannan mutane da su za ta kwana ta tashi har ƙarshen rayuwarta. Ta haɗiye maganar, ta ce a yi sauri kawai a tsaya wuri ɗaya.

Nan Abdulƙudus ya nuna gwanintarsa. Ya ce komai sai ya bi tsari, daga tushe zuwa ƙarshe. Daron ƙasa a gaba, sai akuya, sai gyaɗa, sai ruwa, sai murhu. Ya sa aka hura wutar ma, don alƙalai su ga ba wasa ake ba. Shi kuwa ƙuli-ƙuli, tunda shi ne babban da ya ƙunshi kowa, ba a fara nuna shi. Ya sa aka ja teburin baya can, ya lulluɓe tiren da ƙyalle, sai an gama zai yaye a yi tafi. Matan ya jera su a gaba kusa da turmi suna fuskantar alƙalai, saboda su ma suna cikin abin da aka ƙunsa.

Saura Minista. Filin ƙwallo ba bishiya ba turke. Abdulƙudus ya duba hagu ya duba dama, ya karɓi igiyar ya ɗaure ta a ƙafar teburin.

Ndayako ya ce, "Kwamfarayis, tsaya, kada ka ɗaure shi a nan, shi fa..."

"Zo nan gaba, ga su nan sun iso! Gyara hularka."

Abin da Ndayako ya so faɗa, duk mai kiwon ƙiba ya san shi. Da tunkuza da ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ake tayar da sa ya yi nama. Minista ya yi watanni ba ya jin ƙamshin komai a duniya kamar wannan, kuma kullum a ɗan kwano ake auna masa. Yau ga tire guda an kawo shi har gaban hancinsa an juya masa baya.

Madam Helen ta iso da 'yan rakiyarta, mace mai fara'a da tabarau. Ta dubi taron ta yi murmushi, ta tambaya da Turanci me suka kawo. Abdulƙudus ya yi gyaran murya, ya zaro hannu daga cikin hannun kwat, ya faɗi kalmarsa da ƙarfin da har matan Bangi suka waiwayo. Ya ce teburin nan ya yi comprise ɗin duk abin da ke cikin ƙuli-ƙuli, ya fara da ƙasa.

Madam ta yi dariya ta ce kai, ba kasafai take jin an yi amfani da kalmar nan daidai haka ba.

A tebur na kusa Malam Irmiya ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa.

Shi ke nan, an ƙara wa wuta fetur. Abdulƙudus ya ba da tarihin ƙasar Kontagora. Ya gabatar da akuya da irin gudummawar da take bayarwa, ya ɗaga saiwar harawa ya bayyana inda ganyen ya tafi. Ya gabatar da mai ruwa, mai ruwa ya ce shi ma a bar shi ya yi gaisuwa. Ya gabatar da bel. Madam ta ce ta gode, ko za ta iya ɗanɗana kayan yanzu?

"Haƙuri, Madam, ba mu kai rabi ba."

Ramotu ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban Lubna, don girman Allah yaye ƙyallen nan."

"Ki bari, tana jin daɗi."

Can baya wani sauti na tashi, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Abdulƙudus ya ɗauka lasifikar masu taro ce ke ƙara, ya ƙara ɗaga murya don ya danne ta. Matan sun ji, amma an ce kada wadda ta juya wa alƙalai baya. Ndayako ya ji, ya kuma gane, ya yi ta jan hannun kwat ɗin, hannun kwat ɗin kuwa ba kowa a cikinsa.

Ana cikin haka akuyar Salihatu ta gaji da tsayuwa, ta miƙa wuya wajen ɗanyar gyaɗa, ƙafarta ta daki tiren barkono, tiren ya kife a cikin murhu. Hayaƙi ya tashi. Madam Helen ce ta fara tari, 'yan rakiyarta suka karɓa, sai matan Salka, sai makaho mai addu'a da ke tambaya wa aka kashe. Mai ruwa ya ga ranarsa ta zo, ya ɗaga jarka ya sheƙa a murhun, toka ta yi sama ta sauko a kan kowa. Abdulƙudus yana tari yana hawaye, amma bai saki zaren jawabinsa ba, ya ce wannan shi ne barkono, kamar yadda Madam ta ji da kanta.

Madam ta cire tabarau ta goge ido. Murmushin ya tafi. Ta ce tana da sauran tebura, a nuna mata ƙuli-ƙulin yanzu ko ta wuce.

"Yanzu kuwa!" in ji Abdulƙudus. Ya buɗe hannuwa ya ce jama'a su dare, ya juya da ƙasaita zai yaye ƙyalle.

Babu abin yayewa. Rabin ƙyallen yana bakin Minista, yana taunawa a hankali idanunsa a lumshe. Tiren kuwa an lashe shi har yana ɗaukar ido.

Kowa ya zuba wa tiren ido. Sai wata daga matan Bangi ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta bazu har bakin ƙofa.

"Man!" in ji Ramotu. "Saura man! Ku ɗauke kwalaben!"

Da an bar ta ta je a hankali, da wataƙila an tsira da su. Amma Abdulƙudus ya ga dama ta ƙarshe ta zama gwarzo. Ya zari taɓarya ya yi kan Minista yana ihu. Minista ya buɗe ido ya ga baƙin abu mai dogayen hannuwa ya nufo shi, ya zabura, ya tafi da igiya da ƙafar tebur. Teburin ya durƙusa, kwalaben suka bi juna suna fashewa, mai ya malale. Abdulƙudus ya taka shi da takalmin aro, ƙafafunsa suka yi gaba suka bar shi, ya taho a kan bayansa sululu har sai da ya tsaya a gaban Madam Helen, taɓarya a rungume.

Daga nan kwance ya ɗaga yatsa ya ce mata wannan shi ne man.

Ita dai Madam ba muguwa ba ce. Ta kira Malam Irmiya ta ce ya tambayi shugabar matan ko akwai ko guda ɗaya da ya rage, ko gutsure ne, ta sa a baki. Ramotu ta duba ƙarƙashin tebur. Ta duba jakarta. Matan suka kwance bakin zannuwansu, suka zazzage robobin da suka zo da su. Sun kawo mafi kyawun abin da suka taɓa soyawa, kuma dukansa suka ɗora a tiren don ya cika ido. Madam ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba ta iya ba da maki a kan abin da ba ta ɗanɗana ba.

Matan Zugurma ne suka ci, da ɗan tirensu guda da kwalba biyu. Ramotu ta tsaya tana kallo aka ɗaga injin, kore shar da ledarsa, aka ɗora a motar wasu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta tattara fasassun kwalabe don kada su yanki wani. Wannan shirun nata ya fi ba mutane tausayi a kan komai.

Abdulƙudus kuwa a hanyar dawowa, yana ɗigar mai yana tafe, cewa yake, "Amma dai kun ji da kunnenku, matar ta ce Turancina daidai ne."

Ndayako ya ce, "Minista ma ya ce ƙuli-ƙulin daidai ne."

Washegari ya yi wanka ya ɗauki makullin rumfa zai fita, ya tarar tsakar gidansa cike da mata. Har Salome ta dawo daga Minna, labari ya riske ta tun a mota. An jera turame, an niƙo gyaɗa, ruwa na tafasa a murhu, don masu sari ba ruwansu da abin da ya faru a filin ƙwallo, kayansu suke jira. Maza kuma sun yi layi a kan katanga kamar masu kallon dambe.

"Sannunku da aiki," ya ce yana neman hanyar ƙofa.

Salome ta tsaya a ƙofar. "Ina zuwa, Malam? Mun yi taro. An yi mana alkawarin inji, an ce mu share wuri, mun share."

Ramotu ta taso. Ta miƙa masa taɓarya.

Ya dubi katanga, ya dubi matan, ya ga ba mafita, sai ya yi dariya ya naɗe hannun riga. "Wannan ne aikin? Ai wasan yara ne. Ku matsa ku ga yadda ake yi da ilimi."

Ya soka taɓarya ya fara juyawa da sauri har yana waƙa. Waƙar ce ta fara tsayawa. Niƙaƙƙiyar gyaɗar ta yi tauri ta kama taɓaryar ta riƙe, kowane juyi sai ya sa ƙirji da ƙugu. Gumi ya jiƙa rigar. Tafin hannunsa ya yi ja ya tashi. Wani abu mai zafi ya kama shi daga wuya ya sauka kafaɗar dama ya zauna. Daga katanga mai shayi ya ce ya bayyana musu abin da gumin ya ƙunsa, aka yi dariya, amma Abdulƙudus bai amsa ba, numfashin da zai yi magana da shi ya ƙare.

Ya tsaya ya jingina da taɓaryar yana haki. Ya dubi matarsa da ke tsugune tana riƙe masa turmin, ya ga yadda take ɗaga butar ruwan zafi da hannun hagu saboda na daman ba ya ɗaguwa. Sun yi shekaru a gida ɗaya bai taɓa lura ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta kama shi a filin ƙwallo ba.

"Maman Lubna," ya ce a hankali, "dama haka abin yake?"

"Haka yake."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta ɗiga ruwan zafi a turmin, ta leƙa ciki, ta gyara riƙonta.

"Juya, Baban Lubna. Man ko tunanin fitowa bai fara ba."